Tambaya da Amsa: Na sayar da hannun jarina, yaya zan tura kuɗin waje canji bai cinye su ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kumasi, ina zaune a Aboabo. A 2018 na sayi hannun jarin MTN Ghana lokacin da aka fara sayar wa jama'a a kan pesewa 75 kowane ɗaya. Yanzu ina so in sayar, abin da zai fito ya kai kusan sidi 300,000, don in biya wa yarona kuɗin karatu a Ingila. Wasu sun ce in bi banki, wasu sun ce in ba 'yan canji a nan, a biya yaron a can. Wace hanya ce ta fi sauƙi da arha?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa karatun yaro albarka. Kafin mu zo kan banki ko ɗan canji, riƙe wannan: duk wanda zai tura maka kuɗi, tambaya ɗaya za ka yi masa, wato "idan na ba ka sidi 300,000 yau, fam nawa za su sauka a asusun makarantar?" Wanda ya amsa da lamba ɗaya, ka rubuta. Wanda ya fara ce maka "mu kuɗin aikinmu kaɗan ne", bai amsa ba tukuna.

Dalili shi ne, yawancin abin da mutum ke asara a farashin canjin yake ɓoye, kuɗin aikin da ake rubutawa a rasit kuwa ɗan ƙarami ne. Kowane banki yana da farashi biyu, wanda yake sayen dala da wanda yake sayarwa, kuma tsakaninsu akwai farashin tsakiya. Babban Bankin Ghana yana wallafa farashin da bankuna ke yi a tsakaninsu kowace ranar aiki, shi ne ma'auninka. Ga misali, lambobin na lissafi ne kawai: a ce farashin tsakiya sidi 12 ne a dala ɗaya, kuɗinka sun zama dala 25,000. Banki na farko ya ce zai sayar maka a 12.60, za ka samu dala 23,810. Na biyu ya ce 12.30, za ka samu dala 24,390. Bambancin pesewa 30 kacal, amma ya ci dala 580. Ko da na biyun ya caje ka dala 50 na turawa, na farkon ya ce kyauta ne, har yanzu na biyun ya fi da nisa.

Sai abu na gaba, ƙirga sau nawa za a canza kuɗin. Kowane canji yana da nasa yankan. Idan ka sayi dala a Kumasi, aka tura ta asusun da fam yake karɓa, bankin Ingila zai juya ta zuwa fam a farashinsa, kai ba ka nan, ba wanda zai yi ciniki a madadinka. Idan ya ɗauki kashi 2 cikin ɗari a kan dala 24,000, dala 480 ke nan sun tafi. Don haka ka nemi bankinka ya ba ka farashin fam kai tsaye, a tura fam, ya sauka a fam. Da Saudiyya ko Dubai za ka tura, da maganar ta bambanta, domin riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, dirhami kuma a kan 3.6725, saboda haka tura dala can ba ya jawo babbar asara. Fam kuwa yawo yake yi da kansa.

Yanzu ga yadda aikin yake tafiya. Ka fara da dillalinka na kasuwar hannun jari. Ka tambaye shi jimillar la'adar da za a cire, har da ta hukumomi, kuma ka faɗa masa mafi ƙarancin farashin da ka yarda a sayar, domin kasuwar Accra ba kullum take da masu saye da yawa ba, babban kaso yana iya ɗaukar kwanaki kafin ya ƙare. Bayan an sayar, kuɗin suna fitowa bayan ranakun aiki uku. Su shiga asusun banki mai sunanka, sunan da ke kan katin shaidarka na ƙasa, wato Ghana Card, harafi da harafi. Ka karɓi takardar cinikin daga dillali, da bayanin asusunka na CSD, inda ake ajiye rajistar hannayen jari. Waɗannan takardu biyu su ne shaidar inda kuɗin suka fito, kuma za a tambaye ka su, a nan ko a can.

Daga nan ka haɗa takardar shaidar samun gurbin karatu, takardar kuɗin makaranta mai ɗauke da lambar asusunta, da kwafin fasfon yaro. Dokar canjin kuɗin waje ta 2006 ta ba da damar fitar da kuɗi ta banki, amma kuɗi masu yawa irin naka sai da takardar da ke nuna abin da za a biya. Ka ɗauki takardun ka zaga bankuna biyu ko uku a Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, a safiya ɗaya, saboda farashin jiya ba na yau ba ne. Kada ka tsaya a farashin da ke kan allo. Ka ce wa jami'in da ke kula da asusunka ya kira sashen da ke cinikin kuɗin waje ya nemo maka farashi na musamman. Ga kuɗi kamar naka sukan rage, amma sai ka nema. Ka kuma tambaya ko suna da fam ɗin a hannu yau, domin farashi mai kyau da za a sa ka a layi na mako biyu ba shi da amfani.

A fom ɗin turawa akwai wani ɗan gurbi da mutane ke wucewa ba su duba ba, inda ake zaɓar OUR, SHA ko BEN. Shi ne ke faɗin wanda zai biya bankunan da kuɗin za su ratsa a hanya. OUR na nufin kai ka ɗauki duka, SHA ku raba, BEN kuma a cire daga kuɗin. Ga kuɗin makaranta ka zaɓi OUR. In ba haka ba, sai kuɗin su isa da giɓin fam 15 ko 20, makaranta ta ce ba a cika ba, ka sake biyan kuɗin turawa don cike ɗan wannan giɓin. Ka duba lambar IBAN, wato lambar asusun makarantar, da lambar SWIFT, wato lambar bankinta, sau biyu, ka kuma rubuta lambar ɗalibin a gurbin bayani, da ita ce makaranta za ta gane kuɗin wane ne. Kuskuren harafi ɗaya yana iya sa a dawo da kuɗin, idan kuma banki ya mayar maka da su sidi, a farashin saye zai yi, ka ga an yanke ka sau biyu kuma ba a biya komai ba. Bayan an tura ka nemi takardar shaidar turawa ta banki, wadda aka saba kira MT103, da ita ake bin sawun kuɗi idan sun maƙale. Yawanci suna isa cikin ranakun aiki ɗaya zuwa biyar, don haka Litinin ko Talata ta fi yammacin Juma'a.

Batun 'yan canjin bakin titi kuwa, mun san da yawansu mutanen kirki ne, 'yan unguwa, ana sallah tare. Amma ba mu ba ka shawarar wannan hanya ba. Doka ta hana cinikin kuɗin waje ba tare da lasisi ba, wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi ciwo: fam ɗin da za a saka wa yaro a can daga asusun mutanen da bai sani ba za su fito. Bankunan Ingila suna rufe asusu a kan irin wannan, su ce ya kawo shaidar asalin kuɗin, shi kuma ba shi da ita, kai ma ba ka da rasit. Ɗan ribar da ka samu a farashi bai kai wannan tashin hankalin ba. Haka nan kada ka yayyanka kuɗin ƙanana ka rarraba ta asusun 'yan uwa don guje wa tambaya, wannan shi ne ainihin abin da ke jawo tambayar.

Idan yaron bai samu biza ba tukuna, kada ka taɓa kuɗin da sauri. Ingila tana son ganin kuɗin sun zauna a asusu kwana 28 a jere, kuma da farashin ranar da aka nemi biza ake lissafa su. Ka bar ƙari a kai, ko da sidi zai faɗi a tsakani.

Tambaya: Ni Hajiya ce a Asawase. Na sayar da shagona da kayan da ke ciki, zan koma gida Maraɗi. An ce sai na sayi dala tukuna. Haka ne?

Amsa: Hajiya, ba haka ba ne, kuma dalar za ta ƙara miki canji guda ne a banza. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ya motsi. Wannan ya ba ki ma'auni a hannu: ki duba farashin yuro a sidi, ki raba da 655.957, ki ninka da dubu, kin samu kuɗin jika ɗaya. Misali idan yuro sidi 14 ne, jika ɗaya ta kama sidi 21 da pesewa 34. Duk wanda ya ba ki farashi, ki gwada shi da wannan ki ga nawa ya ɗora.

Ki fara tambayar bankunan da ke da rassa a ƙasashen biyu, irin su Ecobank da Bank of Africa, ko za su cire sidi a nan su saka sefa a asusunki na can, da iyakar abin da suke turawa a rana. Ki buɗe asusun Nijar ɗin tun kafin ki tura, da sunanki. Takardar cinikin shagon a rubuta ta, da sa hannun mai saye da shaidu, mai sayen kuma ya biya ta banki, domin tsabar kuɗi a jaka ba ta da tarihin da za ki nuna. Idan kin ɗauki wani abu a hannu don hanya, ki sani abin da ya haura darajar dala 10,000 wajibi ne a bayyana shi ga kwastan a bakin iyaka ko filin jirgi, in ba a bayyana ba ana iya ƙwacewa. Ga masu karatu da Kano ko Sakkwato za su tura, ku tambayi bankinku tsarin PAPSS, wanda aka ƙaddamar a Accra a watan Janairun 2022 don a biya da sidi a karɓa da naira ba tare da an bi ta dala ba. Ba kowane ma'aikacin reshe ne ya saba da shi ba, ku ambaci sunan.

Tambaya: Daga Sabon Zongo: in canza yanzu ko in jira sidi ya ƙara ƙarfi?

Amsa: Malam, wanda ya ce maka ya san inda sidi zai kwana, bai faɗa maka gaskiya ba. A farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 13, sannan a Disamba sidi ya farfaɗo cikin 'yan makonni. A 2025 kuma aka ga akasin haka, dala ta sauko daga sama da sidi 15 a Afrilu zuwa wajen 10 a farkon Yuni. Wanda ya jira a 2022 ya yi kuka, wanda ya yi gaggawa a farkon 2025 shi ma ya yi.

Abin da ke hannunka shi ne ranar buƙata. Kuɗin da za a biya cikin wata guda, ka canza su yanzu. Wanda sai bayan wata shida, kamar kuɗin makaranta da ake biya zango zango, ka raba shi kashi biyu ko uku, kowanne da takardarsa, ta yadda farashin rana ɗaya ba zai hau kan dukiyarka gaba ɗaya ba. Sai dai kowane turawa yana da nasa caji, don haka kada kason ya yi ƙanƙanta. Kuma duk ranar da ka yi canji, a gama shi a ranar. Malamai sun ce musayar kuɗi da kuɗi hannu da hannu ake yi, kuma ko a kasuwa, wanda ya karɓi sidinka yau ya ce ka dawo jibi ka karɓi dala, idan farashi ya juya masa baya a tsakani, da sabon lissafi zai tare ka.