Albasar Galmi ta ƙi tasowa daga allo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga talla a Tawa. Wani dillali ya ba ni aikin babban allon talla mai faɗin mita 2, yana son hoton albasar Galmi a tsakiya. Na zana da'ira a Photoshop, na zuba digirade, wato launi mai sauyawa sannu a hankali, daga shunayya zuwa baƙi, amma ta fito a shimfiɗe kamar faifai. Ina gizo ke saƙar?
Mai shago, Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka taɓa linzami, samo albasa guda ka ajiye ta a kan farar takarda kusa da taga, ka kashe fitilar shago, ka zuba mata ido sosai. Wurin da ya fi sheƙi ba tsakiya ba ne, ya karkata wajen taga. Duhu mafi tsanani kuma bai kai baki ba, ya tsaya kafin nan, sai wani siririn haske ya biyo bayansa, wanda takardar ta mayar wa albasar daga ƙasa. Wannan siririn hasken shi ne yawancin masu aikinmu a nan Yamai suke mantawa da shi, alhali shi ke sa ido ya yarda abu ya mulmule.

To, koma kwamfuta. Danna harafin G ka ɗauko digirade. Iri 5 gare shi a Photoshop, kuma ina kyautata zaton na farko ka bari, mai tafiya a miƙe daga gefe zuwa gefe. Wancan na bututu ne da gwangwani. Naka shi ne radiyal, mai bazuwa daga ɗigo guda zuwa kewaye. Kada ka fara ja daga cibiya. Sa linzami a sama ta hagu, kamar sulusin tafiya daga baki, ka ja har gefen ƙasa na dama.

Launi 2 ba za su ishe ka ba, sa 4. A farko fari mai ɗan ja-ja, a wajen kashi 35 cikin ɗari na tsawon digiraden ainihin launin ɓawon albasar, a wajen kashi 85 shunayya mai duhu ƙwarai, a ƙarshe kuma ka ɗan sassauta duhun. Baƙi ƙirin dai ka rabu da shi, don Allah. Yana dusashe launi, albasa ta fito kamar ta kwana a rumbu ta fara lalacewa, kuma babu dillalin da zai so a nuna kayansa haka.

Albasar Galmi tana da ɗan faɗi, ba ƙwallo ba ce. Gama inuwar a cikakkiyar da'ira tukuna, sannan ka danna Ctrl da T ka ɗan danne ta daga sama, hasken zai bi sifar da kansa. Bayan haka buɗe sabon kalki, wato wata shimfiɗar zane ta daban, a ƙarƙashinta, ka zana inuwar da ta faɗi ƙasa a ɓangaren da ke nesa da haske, ka tausasa bakinta. In babu wannan, albasar za ta yi ta lilo a iska.

Af, ban da da'irar tutarmu. Ina ganin masu yi mata digirade a allunan bikin 18 ga Disamba, abin kuwa yana sosa mini rai. Ranar da ke tsakiyar tuta launi guda ce, ruwan lemo, a bar ta yadda take.

Saura batun girma. Hoto mai bit 8 (ma'aunin zurfin launi ke nan) matakai 256 kawai gare shi a kowane launi. Idan tsakanin launukanka biyu matakai 40 ne, ka shimfiɗa su a mita 2, kowane mataki zai ci santimita 5, sai zobba su bayyana ɓaro-ɓaro a allon, ko da ba ka gan su a kwamfuta ba. Maganinsa ka yi aikin a bit 16, ko ka barbaɗa ƴan ɗige-ɗige kashi 1 zuwa 2 ta umarnin Photoshop mai suna “Ajout de bruit”. Shunayya kuma launi ne mai yawan sauyawa idan an juya hoto daga RGB, tsarin launin fuskar kwamfuta, zuwa CMYK, tsarin launin tawadar injin bugawa, don haka ka sa a buga maka yanki kaɗan daga wajen duhun, ka fita da shi rana ka duba, kafin a saki injin a kan dukan allon.