Ki fara da Suratu Maryam

Sannu 'yar'uwa, kin ce a majami'a kika tashi nan Yamai, kin ɗauki Alƙur'ani amma kin rasa ta ina za ki kama. Ni ma haka na yi, na fara da Baƙara sai kaina ya ɗaure, don surorin nan 114 ba a jera su bisa tarihi kamar littattafan Farawa da Fitowa na Littafi Mai Tsarki ba. Ki buɗe Maryam, sura ta 19, ga Zakariya ga Yahaya ga haihuwar Annabi Isa, duk kin san su, wallahi ranar da na karanta ta sai da na yi hawaye. Daga nan sai Yusuf, ta 12, labari guda ne tun daga mafarki har Masar. Ki nemi tarjamar Malam Gumi ta Hausa.