Wai gaskiya ne ba sai na karanta nassin ba a jarrabawar SAT?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata biyu ya rage min in zauna SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, kuma wallahi ɓangaren karatu da fahimta ke kayar da ni, kullum lokaci ya ƙare ban gama ba. Wani mai lesin ya ce mana karanta nassin ɓata lokaci ne, wai mu duba amsoshin kawai mu ɗauki wadda kalmominta suka fito a cikin nassi. Hankalina a tashe yake, in bi maganarsa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, wata biyu ya isa in kin dage. Lissafin ɓangaren karatu da rubutu dai kin san shi: tambaya 54 cikin minti 64, kashi biyu, kowane kashi tambaya 27 a minti 32, ya kama daƙiƙa 71 ke nan kowace tambaya. Tunda aka mayar da jarrabawar kan kwamfuta nassoshin gajeru ne, ba sa wuce kalma 150, kowane da tambayarsa guda ɗaya. To me za a guje wa karantawa a nan?

Wannan magana ta mai lesin ɗinku kuwa kusan kullum sai na ji ta, na gaji da ita wallahi. Masu tsara tambayoyin sun fi shi sanin wannan wayon, da gangan suke kwaso kalmomin nassi su zuba a amsar da ba daidai ba don su kama mai gaggawa, ita kuma amsar gaskiya sau da yawa sai su sake mata kaya, ma'ana ɗaya amma kalmomi daban. Misali nassi ya ce wasu masana suna ganin wata ƙwayar cuta ce ta rage ƙudan zuma, sai zaɓi ya ce masana sun tabbatar ƙwayar cuta ce ta rage ƙudan zuma. Kalmomi duk sun fito ko? Amma "wasu" ta ɓace, "suna ganin" ta koma "sun tabbatar", shi ke nan kin faɗa rami kina murna. Kuma abin haushi kashi na farko shi ke yanke irin wahalar kashi na biyu, in kin zubar da maki a farko an tura ki mai sauƙi, makin da za ki iya kaiwa ya ragu. Shi mai lesin ya riga ya karɓi kuɗinsa, ba shi zai zauna a kujerar ba.

Ki fara karanta tambayar, sannan nassin duka sau ɗaya, ki faɗa wa kanki amsar da bakinki kafin ki kalli zaɓin. Duk zaɓin da ba za ki iya nuna layinsa a nassi ba ki soke shi, ko da gaskiya ne a duniya. In tambaya ta cije ki sa mata alama ki wuce, amma kar ki bar ta fanko, ba a rage maki don kuskure. Gwaji kuma ki riƙa yinsa a manhajar Bluebook ta College Board, hukumar da ke shirya jarrabawar, da agogo yana tafiya, duk wadda kika faɗi ki koma ki gano kalmar da ta yaudare ki.