Ku Tambaya Mu Amsa: Wai da gaske ana biyan dala a kama kifi a sake shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ma'aikaci ne anan Samaru, ƙanina dake karatu a Amurka ne ya turo min bidiyo a WhatsApp, wasu mutane cikin ƙaramin jirgin ruwa sun kamo wani kifi kamar ɗan maraƙi, sukayi hoto dashi a cikin ruwan sannan suka sake shi ya tafi abinsa. Yace sunansa king salmon, wai biyan mai jirgin akeyi ya kaika inda suke. Yana so in Allah ya bani biza naje bikin gama karatunsa a watan Mayu mu wuce Alaska tare, har yace mu fara bada kafin alƙalami. Dan Allah meye gaskiyar abun?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah yasa ya gama lafiya. Bidiyon ba ƙarya bane, kifin nan akwai shi kuma shine babba a duk dangin salmon na tekun Fasifik, shiyasa suke ce masa sarki. Ana gane shi da baƙin dasashi da ɗige-ɗige a baya da wutsiya. Wanda yafi kowanne girma da aka taɓa kamawa da fatsa, wani Les Anderson ne ya kama shi ranar 17 ga Mayu 1985 a kogin Kenai kusa da garin Soldotna a jihar Alaska, nauyinsa kilo 44. Ka ɗauki buhun siminti ka rage kilo 6, toh shine a bakin ƙugiya ɗaya, yana fizgar zare cikin ruwa mai gudu mai sanyin ƙanƙara. Tun daga ranar mutane sukayi ta tururuwa kogin nan kowa da burin ya samu wanda ya fishi.

Rayuwar kifin ma abin a tsaya ayi tasbihi ne. A kogi ake ƙyanƙyashe shi cikin tsakuwa, yana ɗan tasawa sai ya gangara teku yayi shekara uku huɗu wani har biyar yana kiwo yana tara kitse, in lokaci yayi sai ya juyo ya nemo kogin da aka haife shi, shi ɗin dai ba wani ba, da sansanar ruwa yake ganewa. Daga ranar da ya shigo ruwan daɗi ya daina cin abinci kenan, kitsen jikinsa ne guzurinsa, na kogin Yukon wasu suna haura sama da kilomita 3,000 har cikin Kanada a haka. Macen ta tona rami da wutsiya ta zuba ƙwai, namijin ya barbara, daga nan duk su mutu. Sau ɗaya tak suke haihuwa a duniya.

Kaga kenan kifin da baya jin yunwa kake son ya cafki ƙugiyarka, anan aikin jagora yake. Shi ya san ramukan da kifin ke tsayawa ya huta, shi ke da jirgin da sandunan fatsa da rigar kariya, tun asuba zai ɗauki mutum huɗu, ya ɗauro yankan sadin a jikin wani kifin roba mai rawa a ruwa ko ya saka ƙwan salmon in doka ta yarda a lokacin, ya riƙe jirgin da inji yana barinsa yana zamewa baya a hankali har abun ya isa gaban hancin kifin. Masuntan can sunce haushi ne ke sa shi kai cafka. In ya kama, sandar zata lanƙwashe kamar zata karye, ana iya kwashe rabin awa ko fiye ana ja-in-ja, kuma ana iya wuni cur ba'a samu ko ɗaya ba, kuɗinka kuwa ɗaruruwan daloli na rana ɗaya ya riga ya tafi, banda lasisi da wani kan sarki na musamman da ake saya saboda kifin nan kaɗai, banda tafiyar kusan awa uku a mota daga Anchorage, birni mafi girma a Alaska.

Amma ga inda nake so ka natsu. Kifin yana ƙarewa. Manyan nan irin na 1985 yanzun da wuya a gansu, waɗanda ke dawowa sun ragu kuma sun ƙanƙance. Hukumar kifi da namun daji ta jihar Alaska tana da na'ura a kogin da take ƙirga masu wucewa, in basu kai adadin da zai bar iri ba sai ta rufe. A 2023 da 2024 an rufe kamun sarkin salmon a Kenai ɗungurungum, ko kama-ka-saki ba'a yarda ba. A Yukon kuwa jihar Alaska da Kanada sun sa hannu a 2024 cewa an dakatar na shekara 7, har 'yan asalin wurin da tun kaka da kakanni dashi suke cin damina da rani, wlh wannan ne ya fi taɓa min zuciya. Ana ɗora laifin akan ɗumamar ruwa, da manyan jiragen su na teku da ke haɗawa dashi cikin tarunsu, da kuma yadda aka daɗe ana tsince manyan.

Dan haka kar ku tura ko sisi sai ƙaninka ya shiga shafin hukumar ya duba sanarwar shekarar, ya kuma tambayi jagoran a rubuce, in an rufe kogi za'a dawo da kuɗi ko za'a canza mana wani kifin? Akwai koguna kamar Kasilof da ake zuba 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo, su ana yanke musu ɗan ƙaramin fiffiken bayan nan na kusa da wutsiya dan a bambanta su da na daji, wani lokacin ana barin a tafi dasu gida. Sakin da ka gani a bidiyo kuma ba almubazzaranci bane, uwa ce aka bari taje ta zuba dubban ƙwai, shiyasa ko ɗago ta daga ruwa basuyi ba. In kunje ka riƙe jadawalin sallah a waya, a ƙarshen Mayu sai wajen 11 na dare rana ke faɗuwa, kuma akwai masallaci a Anchorage. Rigar sanyi mai kauri ma dole.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ina da ramin tarwada biyu a gida a Tudun Wada, ɗiyata tace salmon yafi tsada, zan iya kiwonsa? Kuma shine taitus?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya sa albarka a kiwon. Ba shi bane, taitus ɗin Sabon Gari kifin teku ne daban. Salmon namansa ja ne kamar cikin gwanda saboda ƙananan jatan lande da yake ci a teku. Kiwonsa kam bazai yiwu anan ba, ruwan sanyi yake so mai gudu, in ya wuce digiri 20 ya fara wahala, ko tsakiyar hunturun Zariya bazai riƙe shi ba balle Afrilu. Wanda ake gani a manyan kantunan Abuja mafi yawa na kiwo ne a keji cikin teku, Nowe da Cile ne kan gaba. Ki riƙe tarwadarki Hajiya, ki ƙara da bandawa, a nan ribar take.

TAMBAYA: Babana masunci ne a Galma nima ina taya shi. Mu ba zamu iya irin wannan sana'ar kai baƙi kamun kifi ba?

AMSA: Me zai hana yaro na, ai mu ma muna da sarki. Giwan ruwa yana wuce kilo 100, a Argungu an sha fito da wanda ya haura kilo 70 daga Matan Fada, bikin da tun 1934 akeyi kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi a kundinta na al'adun gargajiya a 2016. Sirrin Argungu kuwa ɗaya ne da na Alaska, ana hana shiga ruwan sai ranar da aka buɗe. Kwanaki na tsaya bakin Galma da yamma naga wasu samari sun ja gidan sauro a madadin taru, da suka zazzage a kan yashi karfasa ce zalla kamar ɗan yatsa, ko cikin kwano ɗaya basuyi ba, wani dattijo dake gyaran birginsa a gefe ya kalla kawai ya girgiza kai yace shekaru baya anan wurin yake kamo tarwadar da sai an saɓa a kafaɗa. Ga masu zuba maganin ƙwari su kashe uwa da 'ya. Baƙo bazai biya kuɗi yazo ya kama ɗan yatsa ba.

Ka gaida min Baba, ka roƙe shi ya kai maganar gaban sarkin ruwanku, a ware wani gurbi ko ɗaya ne a hana su cikinsa lokacin da kifi ke ƙwai farkon damina, a hana raga mai ƙananan ido. Kai kuma tunda kana rubutu, ka sayi littafi da ɗan sikeli, duk babban da kuka kama ka rubuta rana da wuri da nauyi, bayan damina biyu ka turo min mu gani.