Tambaya da Amsa: Gwamnan Michigan da ya riƙe harkokin Afirka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan ganin sunan G. Mennen Williams a tarihin samun 'yancin ƙasashen Afirka, kuma an ce gwamna ne a Amurka. Me ya haɗa gwamnan jiha da Afirka? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. An haifi Williams a Detroit a 1911, a gidan masu hali. Ya karanta lauya, ya kuma yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 ya tsaya takarar gwamnan Michigan a jam'iyyar Democrat, ƙungiyar ma'aikatan kamfanonin mota ta Walter Reuther ta mara masa baya, ya kayar da gwamna mai ci, Kim Sigler. A lokacin wa'adin shekara biyu ne, ya kuwa ci zaɓe sau shida a jere. A zamaninsa aka yi dokar hana wariya wajen ɗaukar aiki a 1955, aka buɗe gadar Mackinac a 1957.

A 1959 tafiyar ta cije. Kuɗin shigar jihar ya dogara sosai ga harajin saye da sayarwa, saboda haka da kasuwar mota ta faɗi a 1958, baitulmali ya bushe. Williams ya nemi a sa haraji a kan abin da mutum ke samu, mai samu da yawa ya biya da yawa. Majalisar dattawan jihar kuwa tana hannun 'yan Republican, domin rabon mazaɓu ya fifita karkara a kan birane, suka ƙi. Aka kai ga albashin ma'aikata ya gagara biya a kan lokaci. Wannan ne ya kashe masa burin shugabancin ƙasa.

Da Shugaban Amurka John Kennedy ya hau mulki a 1961, sai ya ɗora Williams a kan harkokin Afirka a ma'aikatar harkokin waje, ya riƙe har 1966. A Nairobi ya ce Afirka ta 'yan Afirka ce. Turawan da suka kama ƙasa a Kenya da Rodeshiya suka fusata, har wani ya naushe shi a Lusaka. A rikicin Kongo ya goyi bayan Majalisar Ɗinkin Duniya wajen hana lardin Katanga ɓallewa daga ƙasar.

A ganinmu da gaske yake, ikonsa ne ya gaza. Kan Angola, wadda Fotugal ke yi wa mulkin mallaka a lokacin, alal misali, Amurka na buƙatar sansanin jiragen yaƙi na tsibiran Azores, mallakar Fotugal, don haka duk lokacin da Williams ya nemi a matsa wa Salazar, firaministan Fotugal, ma'aikatar tsaro da masu kula da Turai sukan rinjaye shi.

Ya faɗi takarar sanata a 1966, ya yi jakada a Filifin daga 1968 zuwa 1969, sannan aka zaɓe shi alƙali a kotun ƙolin Michigan a 1970, har ya shugabance ta. Ya rasu a 1988.