Mai ba ni shawara ta ce tunanina ne, ba wariya ba ce: in daina zuwa?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Landan. Barci ya ƙaurace mini saboda abin da nake sha a wurin aiki: marasa lafiya masu cewa a kawo musu Baturiya, da shugabar da ke tsallake ni duk lokacin ƙarin girma. Likitana ya tura ni wurin mai ba da shawara, amma duk abin da na faɗa sai ta ce in sake duba tunanina, wataƙila ba haka suke nufi ba. Har ta tambaye ni ko sallar dare ce ke hana ni barci. Maigidana ya ce in haƙura in riƙe addu'a. In daina zuwa?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Kada ki daina neman magani, amma kina da damar canza mai yi miki shi.

Da alama hanyar CBT take bi da ke, wato jinya ta hanyar gyara tunani da ɗabi'a, wadda ita ce aka fi bayarwa a asibitocin NHS, hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya. Hanya ce mai kyau, ni ma ina aiki da ita. Tana koya wa mutum ya tuhumi tunanin da ke razana shi ba gaira ba dalili. To amma wanda ya ce a kawo masa Baturiya ai da bakinsa ya faɗa, ba ke kika raya a ranki ba. Idan aka sa ki tuhumi abin da kunnenki ya ji, an ƙara miki ciwo na biyu: kokwanton hankalinki.

Wannan giɓin ne jinyar zuci mai adawa da danniya take ƙoƙarin cikewa. Mai bin wannan hanya yana fara da yarda cewa wariyar launin fata da talauci da fargabar takardun zama suna jikkata mutum da gaske. Tare za ku tantance abin da ya fito daga waje da abin da zuciya ta ɗora a kai, domin akwai shi. Mai shan wulaƙanci kullum yakan koma yana ganinsa har a inda babu, ko ya fara zargin kansa da rashin iya aiki, kuma a nan CBT take da rana. Sannan yana sane da cewa a ɗakin nan shi ke riƙe da alƙalami, abin da ya rubuta zai bi ki cikin fayil, saboda haka yakan tambayi yadda kike kallon matsalarki kafin ya raɗa mata suna.

Ba sabon tunani ba ne. Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ɗan tsibirin Martinik, ya kama aiki a asibitin Blida na Aljeriya a 1953, ya ga yadda mulkin mallakar Faransa da kansa yake haifar da cutar da aka ɗauke shi ya warkar. Shekara guda bayan haka Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da marasa lafiya da danginsu a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, yana aiki tare da masu maganin gargajiya, don ya gane ba a warkar da mutum a raba shi da jama'arsa.

Ɗari-ɗarin da baƙaƙen fata ke yi da asibitocin ƙwaƙwalwa a Ingila ma yana da tushe. Alƙaluman NHS sun daɗe suna nuna cewa yiwuwar a tsare baƙar fata a asibiti ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 ta ninka ta farar fata fiye da sau uku. A 2010 Olaseni Lewis, matashi mai shekara 23 da ya kai kansa asibitin Bethlem neman taimako, ya rasu bayan 'yan sanda 11 sun danne shi. Sai da danginsa suka yi ta faɗi-tashi kafin a kafa dokar 2018 da ke sa ido kan amfani da ƙarfi a irin waɗannan wurare. Ina kawo wannan ne don ki san damuwarki sananniya ce a cikin tsarin, ba don in tsorata ki ba.

Batun sallar dare kuwa, tambaya a kan abin da ke katse barci aikinta ne, ban ga laifinta ba. Laifin shi ne idan ba ta tambayi abin da sallar take yi miki ba. Ga mata da yawa da nake gani, ita ce kaɗai lokacin da zuciyarsu ke sauka. Maigidanki yana da gaskiya a kan addu'a, sai dai addu'a ba ta hana neman magani.

A zama na gaba ki faɗa mata kai tsaye: "Idan kika ce wataƙila ba haka suke nufi ba, sai in ji kamar ba ki yarda da ni ba." Wadda ta san aikinta za ta tsaya ta saurara, wasu ma daga nan aikin yake daidaita. Idan ta shiga kare kanta, ki nemi a canza miki wata. A Landan akwai cibiyar Nafsiyat, wadda tun 1983 take duba mutane da harsuna daban-daban, kuma ƙungiyar BAATN tana da jerin masu ba da shawara baƙaƙe da 'yan Asiya. Kada dai ki ɗauka launin fata kaɗai ya wadatar. Akwai namu da za su ce miki ki yi haƙuri kawai, akwai Turawan da suka ƙware a wannan. Ki tambayi kowa yadda yake aiki da wanda ake nuna wa wariya, ki kuma duba ko yana da rajista da BACP ko UKCP, ƙungiyoyin da ke yi wa masu wannan aiki rajista a Birtaniya.

Abin da ke faruwa a ofis shi ma a tunkare shi. Ki riƙa rubuta rana da abin da aka faɗa, ki kai wa ƙungiyar ƙwadagonku, don dokar daidaito ta 2010 ta haramta wariya a wurin aiki. Idan rashin barcin ya tsananta, ko tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki kira 111, lambar neman taimakon gaggawa ta NHS, ko ki koma wurin likitanki a ranar, kada ki jira zama na gaba.