Me ya sa Google ke nuna farashin kayan wasu, ban da nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da shadda da atamfa a kasuwar Wunti, Bauchi, kuma an gina mini shafi da WordPress. Idan na bincika a Google sai in ga kayan wasu da farashi da taurari a ƙarƙashi, nawa kuwa rubutu ne tsura. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da shafinka ya rasa shi ne tsararren bayani. Kai da ka ga 25,000 kusa da hoton shadda ka san kuɗinta ne, amma injin bincike kintace yake yi. Don haka ake saka masa bayani a bayan shafi, inda mai saye ba ya gani, ana gaya masa ƙarara: wannan suna ne, wannan farashi, wannan kuma akwai shi a shago. Kalmomin suna fitowa daga Schema.org, wanda Google da Microsoft da Yahoo suka kafa a 2011, kuma salon rubutun da Google ya fi so shi ne JSON-LD.

Kowane kaya ya samu shafinsa da nau'in Product. A cika name (suna) da image (hoto), sannan a cikin offers (bayanin sayarwa) a sa price (farashi) da priceCurrency (nau'in kuɗi) da availability (ko akwai kayan). A nan aka fi tuntuɓe: farashi 25000 ake rubutawa, babu waƙafi, babu alamar naira, sai a sa NGN, wato naira, a gurbin priceCurrency. In da WooCommerce, manhajar shago ta WordPress, kake sayarwa, shi yakan rubuta wannan da kansa. Kada ka ɗora wata manhaja ta sake rubutawa, sai farashi biyu su ci karo.

Daga nan ka manna adireshin shafin a Rich Results Test na Google, kyauta ne. In ya nuna ja, yawanci waƙafi ne ya yi yawa a ƙarshen layi, ko an kwafo rubutun daga Word alamomin zance sun lanƙwashe.

Abin da na fi jin tsoro shi ne saɓani. Shadda ta tashi, ka gyara farashin da ido ke gani, na baya yana nan a tsohon kuɗi. Google na iya daina nuna maka farashin baki ɗaya. Taurari kuma dole su fito daga ra'ayin masu saye na gaske da ke rubuce a shafin. Ƙirƙirarsu na jawo hukunci. Ka sani kuma, wannan aikin ba ya ɗaga ka sama da kansa, kyan gani yake ƙara wa sakamakonka, shi ma ba tabbas.

Tambaya: Daga Gombe, ina da shagon gyaran waya. Wannan zai sa in fito a taswira?

Amsa: Malam, fara da buɗe Google Business Profile, shi ke riƙe da taswira. Sai ka sa tsararren bayani nau'in LocalBusiness a shafinka, suna da adireshi da lambar waya su zo daidai da na can.